Yadda Ake Ƙaga Abin Bauta na Tausayi da Wadar Zuci a Labarin Almara

Matasa da dama a unguwanninmu na Kumasi, daga Aboabo da Asawase har zuwa Sawaba da Tafo, sun shiga rubuta labaran almara, irin waɗanda ake ƙaga musu ƙasa da sarauta da al'ummar da babu ita a doron duniya. Duk wanda ya gwada wannan aiki ya san cewa al'ummar da aka ƙaga ba ta tsayuwa da ƙafafunta sai an san abin da take tsoro, da abin da take rantsuwa da shi, da inda take kai kukanta idan ruwan sama ya ƙi zuwa. Ƙaga dodon yaƙi ko gunki mai shan jini ba shi da wuya, domin tsoro kaɗai ya isa ya riƙe mai karatu. Wanda ke ba marubuta wahala shi ne abin bauta na tausayi da wadar zuci, saboda yawanci yakan fito lami, mabiyansa kuma duk su zama mutanen kirki masu fara'a waɗanda babu abin da zai same su har ya isa a ba da labari. Ga hanyar kauce wa hakan, kuma zan riƙa kafa misali da wata abar bauta da na ƙaga domin wannan darasi kawai, wadda mabiyanta ke kira Mai Ludayi.

Kafin ka ɗora alƙalami, ka fara shata iyaka tsakanin labarinka da addininka, domin yawancinmu Musulmi ne, masu karatunmu ma haka, kuma ba ƙaramin abu ba ne mutum ya jingina kalmar bauta ga wanin Allah. Ambaton abin da wasu mutane suka bauta wa daban yake da bauta masa. Alƙur'ani mai girma ya ambaci Lata da Uzza da Manata a Suratun Najmi, ya kuma ambaci Wadda da Suwa'a da Yagusa da Ya'uƙa da Nasra na mutanen Annabi Nuhu, alaihis salam, kuma malamai suna da ƙa'idar cewa mai hakaito kafirci ba kafiri ba ne muddin bai yarda da shi ba. Duk da haka akwai abubuwan da bai kamata ka kusance su ba. Kada ka ba abin da ka ƙaga ikon halitta, ko rayawa da kashewa, ko sanin gaibu. Kada ka ara masa ko ɗaya daga cikin kyawawan sunayen Allah, musamman waɗanda suka shafi rahama, domin nan ne jarabawar ta fi ƙarfi ga mai rubutu a kan tausayi. Kada ibadar mabiyansa ta yi kama da alwala ko salla ko kiran salla, kada kuma maganarsa ta ɗauki salon aya ko hadisi. Idan bayan duk wannan zuciyarka ba ta natsu ba, ka kai wa malaminka tsarin labarin tun bai yi nisa ba, ka ji ta bakinsa.

Iyaka ta biyu ta shafi maƙwabta. A ƙasar Asante muke zaune, kuma abubuwan da wasunmu ke ɗauka tarihi ne kawai, a wurin mutanen da muke haɗuwa da su kullum a mota da kasuwa abubuwa ne masu rai da alfarma. Kujerar Zinariya ta sarautar Asante, da kogin Tano, da wurin tsafin Antoa da mutane ke zuwa domin a warware musu baki, ba kayan da za ka ɗauka ka sauya wa harafi ɗaya ka zuba a labarinka ba ne. Haka ma iskokin bori na ƙasar Hausa, irin su Inna da Ɗan Galadima da Sarkin Rafi, waɗanda har yau akwai masu riƙe da su. Abin da za ka koya daga waɗannan shi ne yadda al'amarin yake tafiya: me ya sa aka keɓe rana kaza, wa ke cin abin da aka kawo, wa ke da ikon shiga inda saura ba sa shiga. Sunaye da siffofi kuwa ka ƙaga naka.

Ginin kansa yana farawa da tambaya ɗaya: wace masifa ce ta haifi wannan addini? Mutane ba sa taruwa su girmama tausayi sai sun taɓa ganin zamanin da tausayi ya yi ƙaranci, kuma ba sa mayar da wadar zuci doka sai sun ga abin da kwaɗayi ya jawo musu. Dubi bikin Homowo na mutanen Ga a Accra, wanda asalinsa tunawa ne da wata yunwa da kakanninsu suka tsallake. Ana hana kiɗa da hayaniya na kusan wata guda bayan shuka, sannan idan amfani ya zo a dafa abincin masara a yayyafa shi a gidaje da hanyoyi ana yi wa yunwa ihu, ta yadda kowane ɓangare na bikin yake nuna ciwon da ya haife shi. Mu ma ba mu rasa irin wannan tarihi ba. A shekarar 1983 fari da gobarar daji sun cinye gonaki a Ghana, a daidai lokacin da Najeriya ta koro 'yan Ghana kusan miliyan guda, abinci ya yi matuƙar wuya. Kafin nan, a watan Nuwamban 1969, gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar ƙasar, kuma unguwannin zango na cikin wuraren da abin ya fi daka, inda wasu suka sayar da kayansu a wulaƙance, wasu suka bar wa maƙwabta amana. Ka zauna da kakarka ko wani dattijon unguwa ka tambaye shi abin da aka ci a waɗannan shekaru, wa ya raba nasa, wa ya ɓoye hatsi, wa ya riƙe amana, wa ya ci ta. A cikin amsoshinsu za ka samu abin da za ka dasa addinin labarinka a kai.

Ga yadda na yi da Mai Ludayi. Na ɗauki siffar tsohuwar hanyar goro, wadda fatake ke bi daga dazuzzukan Asante ta Salaga zuwa ƙasar Hausa da jakunansu da madugunsu, na ƙaga wani gari a tsakiyar irin wannan hanya a wata duniyar da ba tamu ba. Mutanen garin suna cewa a wata shekarar fari, lokacin da rumbuna suka ƙare har uwa tana ɓoye wa ɗanta loma, wata tsohuwa da ba a san inda ta fito ba ta girka tukunya a mararraba, tana zuba wa duk wanda ya zo ludayi ɗaya na kunu ba tare da ta tambayi sunansa ko garinsu ba. Tukunyar ba ta ƙarewa muddin kowa ya tsaya a ludayinsa ɗaya, kuma ɗayan nan yana ƙosar da mutum har gobe. Ranar da wani attajiri ya sa barorinsa su riƙa zagayowa suna karɓa sau biyu domin ya tara ya sayar, sai tukunyar ta ƙafe, tsohuwar ta tafi ta bar ludayin a bakin murhu. Ka lura cewa halayen biyu da ake nema sun haɗu a abu guda da hannu zai iya riƙewa, domin da ludayi ake bayarwa, kuma shi ne ma'auni. Ka nema wa naka irin wannan alama daga kayan gida, kamar ƙwarya ko tabarma ko tulu ko allura, ka bar takobi da kambi da walƙiya, waɗanda masu karatu sun riga sun gaji da su.

Kada ka bar labarin asali ya zama baki ɗaya a cikin garin. Ko labarin Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu ba a ba da shi iri ɗaya a ko'ina. A garin Mai Ludayi, jikokin attajirin nan suna cewa marasa lafiya kakansu yake karɓar wa, an yi masa ƙazafi ne. Fatake suna cewa tsohuwar ta ci gaba da tafiya, kuma kowane matafiyi zai gamu da ita sau ɗaya a rayuwarsa bai gane ta ba. Mata masu dafa abinci kuwa suna raɗa wa 'ya'yansu cewa babu wani abin al'ajabi, wata gwauruwa ce da maƙwabta ke zuba wa gero a ɓoye da dare, kowa yana zaton shi kaɗai ne ke yi, kuma tukunyar ta ƙafe ne ranar da suka ga attajiri yana ci da guminsu suka daina. Wannan ruwaya ta uku ita na fi so, kuma ina ba ka shawarar ka tanadi irinta, domin tana buɗe wa mai karatu ƙofar fahimtar labarin duka ba tare da ya gaskata wani abin tsafi ba.

Wajen suna, al'adarmu ta alkunya ta riga ta sauƙaƙa maka. Mace ba ta kiran sunan mijinta, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, saboda haka abin da al'umma ta fi girmamawa da laƙabi za ta kira shi, sunansa na ainihi ma yana iya ɓata. Sai ka yi masa kirari, kamar yadda kowane basarake yake da nasa, ya kasance gajere, mai daɗin faɗa, kuma a cikinsa akwai abin da zai sa mai sauraro ya tsaya. Na Mai Ludayi shi ne: "Tsohuwa mai murhu a mararraba, ba ki san ɗan gari ba, ba ki san baƙo ba. Mai zuba wa maƙiyi kafin masoyi. Ɗaya ya isa, biyu ya ƙafar da tukunya."

Daga nan ka rubuta a takarda ta daban abin da abin bautarka ba zai iya ba, domin gazawarsa ta fi ikonsa amfani ga labari. Mai Ludayi ba ta saukar da ruwa, ba ta hana mutuwa, ba ta ba kowa nasarar yaƙi, kuma ba ta taɓa azurta wani ba; iyakar abin da mabiyanta suke jingina mata shi ne ta sa kaɗan ya isa. Sannan ka amsa tambayar da yawancin marubuta ke gudu: me mai tausayi yake yi wa azzalumi? Idan ka ce babu komai, addinin ya zama wasan yara, idan kuma ka ba shi tsawa da annoba, ka rushe halinsa. Hukuncin ya kamata ya fito daga cikin halin kansa. Wanda Mai Ludayi ta yi fushi da shi ƙoshi take ɗauke masa, ya ci tuwo mulmula goma ya tashi da yunwa, ya ƙirga dukiyarsa dare da rana bai ga ta isa ba, kuma ba ya warkewa sai ya ci daga hannun wanda ya zalunta. Irin wannan hukunci yana da tsoro, kuma kowane mai karatu ya san wani da ke fama da shi ba tare da an yi masa baki ba.

Yanzu mun iso wurin da ya fi kowane muhimmanci, wanda idan ka tsallake shi duk sauran aikin ado ne. Tausayi da wadar zuci ba sa tafiya hanya ɗaya kullum. Tausayi yana ce maka ka tashi, halin da ɗan'uwanka yake ciki bai dace ba, dole a sauya shi. Wadar zuci tana ce maka ka zauna, abin da ke hannunka ya isa. Idan mutum ya juya ta biyun ga kansa, ya kuma juya na farkon ga jama'a, sai a samu mutumin da kowa ke son zama kusa da shi. Idan kuwa aka yi musanye, mutum ya riƙa tausaya wa kansa yana yi wa talaka wa'azin wadar zuci, to an samu zalunci mai sanye da rigar addini. Ba sai ka yi nisa ba wajen ganin wannan. Ka tsaya a kasuwar Kejetia ka dubi 'yan matan nan masu dako da ake kira kayaye, waɗanda yawancinsu daga arewacin ƙasar suka zo, suna ɗauke da baho a ka tun asuba, da yawansu kuma a bakin shaguna suke kwana. Mai kaya zai sa yarinya ta ɗauki buhu daga tsakiyar kasuwa zuwa tasha, ya rage mata sidi ɗaya ko biyu daga abin da suka yi, sannan ya ce ta yi haƙuri, kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Karin maganar gaskiya ce, amma a bakinsa ta zama sanda.

Magabatanmu a wannan ƙasa sun ga haka tun da daɗewa. Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya zauna a Salaga daga baya ya koma Kete Karachi inda ya rasu a 1934, ya yi waƙa da Hausa a kan talauci da wadata, inda ya nuna yadda jama'a ke raina matalauci suna kambama mawadaci. A addininmu an ba kowane hali wurinsa: Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya bayyana cewa wadata ba yawan dukiya ba ce, wadata ita ce wadar zuci, a gefe guda kuma an wajabta zakka a matsayin haƙƙin talaka da ba alfarma ake yi masa ba. Addinin da ka ƙaga, da yake aikin mutane ne, ba shi da wannan daidaito, kuma a nan ne labarinka yake. Ka raba mabiyan gida biyu. A garin Mai Ludayi akwai 'yan tukunya, waɗanda suke ganin umarnin tsohuwa shi ne a ciyar, saboda haka suna shiga gidajen masu hali suna neman a buɗe rumbu, wani lokaci har da tsiya. Akwai kuma 'yan ludayi, waɗanda suke ganin umarninta shi ne kowa ya tsaya a rabonsa, suna cin kaɗan, suna sa tsumma, ba sa tsoma baki a sha'anin kowa. Sarki da attajirai suna gina wa 'yan ludayi zaure suna kiran 'yan tukunya 'yan fitina. Kada ka mayar da ɓangare ɗaya duka nagari, ɗayan duka miyagu. A cikin 'yan ludayi ka sa tsoho mai gaskiya wanda ya bar gadonsa domin tsoron abin da dukiya ta yi wa ubansa, a cikin 'yan tukunya kuma ka sa wanda hassada ce ke tura shi yana kiranta tausayi.

Bayan haka ka sauko da addinin kasuwa da madafa, domin mai karatu ba ya gaskata aƙidar da ba ta taɓa ciniki da tukunya ba. Hani mai kyau shi ne wanda ido ke gani kuma yake jawo asara. A al'adar Asante ba a noma ranar Alhamis domin girmama Asase Yaa, abar bautarsu ta ƙasar noma, wato rana guda cur a kowane mako manomi ya bar gonarsa. A tafkin Bosomtwe, mai nisan kimanin kilomita 30 daga Kumasi, masunta a kan gungumen katako suke hawa su yi su, saboda al'ada ta hana sa jirgin ƙarfe a ruwan. Da irin wannan awo na tsara dokokin mabiyan Mai Ludayi. Dafaffen abinci ba ya kwana a gidansu, duk abin da ya rage bayan faɗuwar rana sai a fitar da shi ƙofar gida ga mai wucewa. Mai sayar da hatsi ba ya buga gindin gwangwanin awo, irin yadda wasu ke yi wa olonka domin ya ci kaɗan. Ɗan kasuwa ba ya ƙin tayi fiye da sau biyu, a na uku ko dai ya sallama ko ya naɗe kayansa na wannan rana.

Da zarar ka kafa doka, ka tambayi kanka yadda mutane za su zagaye ta, domin za su zagaye ta. Fataken wasu garuruwa sun gano dokar tayi uku, sai suka riƙa zuwa suna taya kaya da araha da gangan, mabiya kuma suka koma ɗaukar dillalai daga waɗanda ba sa bin addinin su riƙa ƙin tayi a madadinsu, har dillanci ya zama sana'ar da ta fi kowace riba a garin. Matan da ba sa son fitar da abinci sun koyi dafa abin da za a shanya, suna cewa busasshe ba dafaffe ba ne. Adashi kuwa, wanda muke kira susu a nan, ya raba malaman addinin shekara da shekaru, wasu suna cewa taimakon juna ne, wasu suna cewa tarawa ce da aka sauya wa suna. Shafi ɗaya na irin wannan gardama ya fi shafi goma na bayanin sammai da taurari sa addini ya yi rai.

Lissafin kwanaki ma yana buƙatar tunani. Bikin Akwasidae na tunawa da kakanni, da ake yi a Manhyia, fadar sarkin Asante, yana zagayowa ranar Lahadi bayan kowane kwana 42, kuma wannan maimaituwa ita ke sa abin ya zauna a rayuwar mutane. Ka yanke shawarar yanayin ƙasarka tukuna, domin Kumasi damina biyu take gani a shekara, Kano kuwa ɗaya, kuma lokacin yunwa ya danganta da haka. Babban bikin addinin tausayi bai kamata ya faɗo a kaka ba, lokacin da kowa yake da abin bayarwa. Ka sa shi a tsakiyar damina, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, a ranar a cire ƙofofin rumbuna, a girka tukunya a mararraba, baƙo ya fara sha, sarki ya sha a ƙarshe idan an rage.

Game da masu tsaron addinin, akwai darasi a tarihin Kano. An ruwaito cewa wurin Tsumburbura, abin da Kanawan dā suke bauta wa, itace ne da aka kewaye da katanga, babu mai shiga sai Barbushe, wanda yakan fito ya gaya wa jama'a abin da zai faru a shekara. Katangar nan ita ce ikonsa. Addinin tausayi a farkonsa ba shi da katanga, shi ya sa na ba da tsaron tukunyar Mai Ludayi ga tsofaffin mata da mazansu suka mutu, kowa yana iya zama kusa da su. Amma ka nuna yadda katanga ke tsirowa a hankali. Da farko an yi rumfa saboda ruwan sama, sannan aka yi zaure, sannan aka sa mai gadi saboda ɓarayi, har ya zamana matalaucin da aka girka tukunyar dominsa sai ya nemi iso. Dokar ludayi ɗaya ba a taɓa karya ta ba, sai dai manoman duma sun koyi shuka irin da ke ba da manyan ludayi domin fada da gidajen attajirai. Ka kuma faɗa wa mai karatu wa ke cin geron da ake kawowa, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma mai tsaron da fada ke ciyarwa ba zai iya ce wa sarki ludayinka ya yi girma ba.

Haihuwa da aure da mutuwa ba sa buƙatar dogon bayani, al'ada guda ga kowannensu ta isa. A garin Mai Ludayi ana fafe wa jariri ludayinsa ranar suna, ango da amarya suna musayar nasu, idan mutum ya mutu kuma a ba da nasa ga baƙon da ya fara shigowa gari.

Harshe kuwa zai ba ka aiki fiye da yadda kake zato, domin Hausarmu ta jiƙu da Musulunci, kuma ba za ka ankara ba sai ka ga mai bautar Mai Ludayi yana cewa wallahi ko insha Allahu, ko yana maganar sadaka da lada. Ka bi rubutunka layi-layi ka cire waɗannan daga bakin mutanen labarin, ka ƙaga musu nasu daga aƙidarsu. Gaisuwarsu ita ce "Ka ƙoshi?", a amsa da "Na ƙoshi, saura na baƙo." Rantsuwarsu ita ce "Kada in ƙoshi in ƙarya nake", mafi munin zaginsu kuma shi ne a ce wa mutum mai ludayi biyu.

Idan ka gama wannan shiri, mafi yawansa a littafin ajiyarka zai zauna, kaɗan ne zai shiga labarin. Kada ka buɗe babi na farko da tarihin addini. Ka fara da mutum da ke cikin matsi, ka bar dokokin su bayyana a lokacin da suka tare masa hanya. Misali, mai tsaron tukunya da ludayi ɗaya ya rage mata a ranar biki, a gabanta kuma ga jikanta ga ɗan mutumin da ya ƙwace gonar mijinta, jama'a sun kewaye ta suna rera kirarin nan na mai zuba wa maƙiyi kafin masoyi. Duk abin da ta zaɓa sai ta yi asara, kuma daga wannan zaɓi mai karatu zai fahimci addinin fiye da kowane bayani. Ita abar bautar kanta, shawarata ita ce kada ta fito fili ko sau ɗaya. Ya isa a ga wata tsohuwa a bakin hanya wadda wani ya ce ita ce, wani ya ce mai sayar da kunu ce kawai.

A shafin farko ka rubuta a sarari cewa ƙasar da mutanenta da abin da suke bauta wa duk ƙage ne, kamar yadda ake buɗe tatsuniya da "ga ta nan, ga ta nanku" domin kowa ya san inda aka shiga. Kafin ka saki labarin ga jama'a, ka karanta shi da baki ga mutum uku. Malaminka zai nuna maka inda ka taka iyaka ba ka sani ba. Abokinka ɗan Asante zai gaya maka ko wani suna ko al'ada ya yi kama da nasu har zai sosa musu rai. Ta ukun kuwa ka nemi uwa ko inna mai sayar da koko da ƙosai ko waakye a bakin titin unguwarku, wadda ta san adadin masu cin bashi da masu zuwa da kwano babu kuɗi, ka karanta mata dokokin kasuwa da na madafa, ka tambaye ta ko mai sana'a zai iya rayuwa da su. Idan ta ce ba zai iya ba, ka koma ka rage tsananin dokar, ko kuma ka ƙara babi a kan yadda mabiya suke zagaye ta da irin kunyar da suke ji idan an kama su.